Tagwaye a Cikin Faifai

Bako, Yola.

Zuwa ga 'yata Khadijah, a Kaduna.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi ƙarfin wannan takarda. Yaya aiki, yaya maigidanki da yara? Mu nan sai godiya. Ruwa ya sauka sosai, masarata ta Mbamoi ta kai ƙugu. Gogonki, uwargidana, tana gaishe ki. Ciwon nan nata na gefen dama bai bar ta ba. In ta ci abu mai maiƙo sai ta dafe haƙarƙari ta yi shiru, in na ambaci asibiti ta ce iska ce kawai. Kin dai san ta.

Kada ki ce don me ban kira ki a waya ba. Kunnena ya yi nauyi, sai na ƙure muryar wayar nake ji, maganar nan kuwa ba ta tsakar gida ba ce. Ban da haka, ban zauna a ajin yamma da furfurata ina koyon baƙi da wasali don in bar alƙalami ya bushe ba.

Ga maganar. Aminatu, matar autana Abdulhakeem, tana da juna biyu. Ba wanda ya gaya mini, kuma wa zai gaya mini? Shi yana Ganye wurin aiki, ko yana nan ma sai dai ya sosa ƙeya. Ita kuwa da ta ji takuna ta shige ɗaki. Amma ina da ido. Na ga ta daina tsayawa inda ake soya albasa, na ga Gogo ta hana ta ɗaukar bokiti. Jikokina na wajen 'yan mata duk suna gidajen mutane, ana ara mini su ne ranar salla. Wannan kuwa a tsakar gidana zai yi rarrafe.

Kwanan baya Aminatu da Gogo suka fita, wai za su Jimeta sayen atamfa. Da la'asar sai ga mai keken da ya dawo da su, ya miƙo mini ambulan, ya ce a kujera aka manta. Faifai ne a ciki. An rubuta "Iyalin Ɗanburam Bako" a kansa, da sunan wani wurin ɗaukar hoton ciki. Atamfa! Khadijah, hoton jikana aka je aka ɗauko a ɓoye, Allah kuma ya kawo mini shi har zaure.

Na sa shi a na'urar kallon fim. Ta yi gurnani, ta tofo shi. Na goge da bakin riga na mayar, ta sake tofowa. Sai na kai wa Malam Zadok, wanda ya koya mini karatu, yanzu ya yi ritaya, 'yarsa ta saya masa kwamfuta. Ya duba ya ce, "Ɗanburam, abu yana ciki, amma kwamfuta ya ce bai san yaren ba."

A duk zuriyar kakanmu ke kaɗai ce ke aiki a sashen hoto na asibiti. Tun rasuwar mahaifinki ban taɓa roƙonki komai ba. Yau na roƙa. Ki gaya mini yadda ake buɗe abin nan in ga mutumina.

Na ba Apollos direba wasiƙar nan da ƙullin busasshen kifi. In kifin ya ragu, ki tambaye shi.

Bappanki,
Ɗanburam.

*

Kaduna.

Zuwa ga Bappa Ɗanburam.

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Muna nan ƙalau, yara sun cinye kifin kafin in ƙirga, don haka Apollos ya tsira. Na yi murna ƙwarai da labarin Aminatu. Allah ya inganta.

Bappa, faifan bai lalace ba. Hoton asibiti ba kamar hoton biki ake ajiye shi ba. Kowane ɗaya yana tafe da awonsa da bayaninsa, shi ya sa sai da manhaja ta musamman ake buɗe shi. Na saka maka ita a ɗan filashin da ke cikin ambulan ɗin nan. Malam Zadok ya soka shi a kwamfuta, ya danna alamar da zai gani. Manhajar za ta tambayi inda hotunan suke, sai ya nuna mata faifan. Akwai wurin wucewa daga hoto zuwa hoto, akwai wurin ƙara haske, akwai ɗan ma'auni da ake ja daga gefe zuwa gefe. In an ɗauki mai motsi, akwai maɓallin kunna shi.

Amma ina roƙonka abu uku. Na farko, gani daban, karantawa daban. Ni kaina ɗauka nake yi in shirya, likita ne yake faɗin abin da hoto ya nuna. Malam Zadok ya kwafi faifan ka aiko mini, in duba tare da likitanmu kafin ka gaya wa kowa komai. Na biyu, wannan sirrin Aminatu ne. Ta san yana hannunka?

Na uku shi ya fi damuna. Ciwon Gogo ka ambata a layi biyu ka wuce. Ciwon gefen dama da ke tashi bayan cin maiƙo ba iska ba ne. Tun bikin 'yarka Na'inna na ga tana dafe wurin. Ka kai ta a duba ta, ko da za ta yi fushi.

Ka gaishe ta, ka gaida Malam Zadok.

'Yarka,
Khadijah.

*

Bako, Yola.

Zuwa ga 'yata Khadijah, mai albarka.

Gaisuwa a taƙaice, don labari ya cika mini baki. Kowa lafiya. Gogo tana nan yadda take.

Khadijah, TAGWAYE! Na rubuta da manyan baƙaƙe don ki ji ihuna daga Kaduna.

Mun yi yadda kika ce. Aka ɗauke wuta muna tsaka, muka jira, aka kawo. Da manhajar ta buɗe, ba mu ga komai ba sai toka-toka, kamar an zuba kunu a allo. Zadok ya ce mu haƙura. Na ce ni da na koyi karatu a hannunka, akwai haƙurin da ban sani ba? Na ƙara haske da kaina. Sai ga wata baƙar jaka, doguwa kamar gora, a kwance a tsakiyar allo. A cikinta kuma ga farare guda biyu, dunƙule-dunƙule, sun jingina da juna.

Na ce, "Zadok, me ka gani?"

Ya gyara tabarau ya ce, "Na ga biyu."

Sai ya danna maɓallin motsi. Wallahi Khadijah, suka mirgina! Babban ya gangaro ya ture ƙaramin, ƙaramin ya biyo shi. Tun yanzu sun fara kokawa. Na miƙe tsaye na yi kabbara, kujera ta faɗi, kare ya yi ta haushi. Zadok ya ce, "Haleluya, amma ka bar mini kujera na."

Muka maimaita har ban san iyaka ba. Na ja ɗan ma'aunin nan a kan babban, Zadok ya ɗauko rular makaranta ya nuna mini tsawon, daidai ƙwayar gurjiya mai ƙiba. Kowanne kuma yana da doguwar inuwa a ƙarƙashinsa, ta miƙe har ƙasan allo. Dogaye ne, irin gidanmu. Zadok ya ce na hagun ya yi kama da ni, wai kai ne kawai babu wuya. Daga baya ya ce, "Ɗanburam, ni ban ga hannu ba, ban ga ƙafa ba." Na ce kai da hannu aka fara gina ka? Malamin makaranta dai, komai sai ya nemi inda zai sa jan biro.

Kin ce kada in gaya wa kowa. Ban gaya wa kowa ba sai Gogo, ita kuwa ba kowa ba ce. Na same ta a gindin ɗurumi na ce, "Faifan da kuka yar a keke yana hannuna, na kuma ga abin da ke ciki." Sai fuskarta ta canza. Ta ce, "Me ka gani?" Na ce, "Tagwaye, ke da ɓoye-ɓoyenki." Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "To. Allah ya raba lafiya." Ko guɗa ba ta yi ba. Na san abin da ke ranta, wankan jariri biyu take hangowa.

Na yi mata maganar asibiti kamar yadda kika ce. Ta ce in bar ta ta ji da abin da ke gabanta.

Ga kwafin faifan nan. Ki nuna wa likitanku, ki tambaye shi ko maza ne. Ni dai yadda babban yake ture ɗan'uwansa, na san amsa.

Bappanki, kakan tagwaye,
Ɗanburam.

*

Bako, Yola.

Zuwa ga Khadijah.

Bayan gaisuwa, shirun ya yi yawa. Masara ta yi goyo, amsarki ba ta zo ba. Na je tasha an ce motar Apollos ta lalace a Kaltungo, yana can yana jiran kayan gyara, saƙonnin mutane duk suna cikin but.

Da kika kira ni ran nan ina zaure cikin jama'a. Na ji kina cewa, "Bappa, ka koma gefe," amma ina zan koma na bar baƙi? Shi ya sa kika ji suna ta yi miki barka. Kika ce in jira wasiƙarki kada in yi komai. To, a lokacin an riga an yi.

Ban gaya wa kowa ba, Allah shaida. Hoton ne ya gaya musu. Manhajar nan tana da wurin fitar da hoto ɗaya, Zadok ya fitar, na kai Jimeta aka wanke mini shi babba, aka sa masa gilashi. Yana rataye a zaure, sama da inda nake zama. Duk wanda ya shigo sai ya tambaya, ni kuwa ba na ƙarya. Mai unguwa ya zo ya gani. Wanzami ya ce na daman ya ɗauko hancin Abdulhakeem. Mai shayi ya ce tun da yake bai taɓa ganin tagwaye masu natsuwa haka ba. Wani bawan Allah daga Damare ya tsallako kogi takanas, ya shafa gilashin ya shafa a fuska.

Mutanen gidan ne ban gane musu ba. Aminatu ko gaisuwa ta bayan labule take yi, muryarta kamar ta mai mura. Wannan kunya ce, na sani. Amma Gogo fa? Ta daina bi ta zaure. In za ta fita sai ta bi ta ƙofar makwabta. Ta ce mini, "Ka sauke abin nan, maza suna ta kallo." Na ce jikokina ne, a kalla.

Kuma ta rame, Khadijah. Shekaranjiya ta ɗan taɓa miyar man shanu, sai ga ta durƙushe bayan ɗaki tana amai. Na tsaya a kanta ban san abin yi ba. Ta ce in tafi, baƙina suna jira. Na tafi, amma shayin bai shiga ba.

Ki rubuto.

Bappanki,
Ɗanburam.

*

Kaduna.

Zuwa ga Bappa Ɗanburam.

Allah ya ƙara maka lafiya. Muna nan lafiya. Na rubuta wannan ne ranar da faifan ya iso, Allah ya sa ta same ka da wuri. Ka zauna kafin ka ci gaba, kuma ka karanta kai kaɗai.

Bappa, hoton nan ba na Aminatu ba ne. Na Gogo ne.

Wurin da suka je katin iyali suke buɗewa, kati ɗaya da sunan maigida, kowa na gidan da shi ake duba shi. Shi ya sa ka ga sunanka a faifan. Amma a cikin manhajar akwai shafin bayani da ba ku buɗe ba. A can an rubuta shekarun mai hoton, shekarun kuwa sun ninka na Aminatu har da ɗori.

Baƙar jakar da ka gani matsarmama ce, wadda mahauci yake cirewa a hankali daga jikin hanta don kada ta ɓata nama. Tokar da ke gefenta hantar ce. Fararen nan biyu tsakuwa ce. Suna mirginawa ne saboda an ce Gogo ta juya gefe. Doguwar inuwar kuwa ita ce babbar shaida, dutse ne ke tare sautin na'urar ya bar duhu a bayansa.

Na kira Aminatu, ta yi ta kuka. Ita ce ta lallaɓa Gogo suka je. An gaya musu sai an yi tiyata, Gogo ta sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba, har mijinta. Don Allah kada ka yi mata faɗa, tsakanin rantsuwa da surukinta aka matse ta. Cikinta gaskiya ne, kuma lafiya take, sai dai ba a ɗauke shi hoto ba tukuna.

Likitanmu ya duba. Ya ce bangon jakar ya yi kauri, alamar ta daɗe tana kumbura, kuma ƙaramar tsakuwar tana kusa da bakin hanya. In ta toshe hanyar, abin zai zama na gaggawa, mai haɗari. In an cire yanzu, aiki ne da ake yi kullum. In ka ga idonta ya yi rawaya ko zazzaɓi ya kama ta, kada ka jira yardarta.

Ka yi haƙuri, Bappa. Na san yadda ka so su.

'Yarka,
Khadijah.

*

Bako, Yola.

Zuwa ga 'yata Khadijah.

Na gaishe ki. Lafiyar jiki akwai ta. Ta fuska ce babu.

Apollos ya kawo wasiƙarki da kansa, yana ba da haƙuri. Na karanta ta a zaure, ƙarƙashin hoton. Da na gama na ɗaga kai na dube su. Suna nan yadda suke, sun jingina da juna. Khadijah, na yi musu addu'a kullum bayan asuba. Na zaɓa musu makaranta.

Na je wa Zadok da ita don ban yarda da karatuna ba. Ya karanta, ya cire tabarau, ya fara dariya har tari ya sarƙe shi, matarsa ta kawo ruwa. Ya ce, "Na faɗa maka babu hannu!" Na ce wa ya ce na hagun ya yi kama da ni? Ya ce, "Har yanzu ya yi kama." Da ya ga ban yi dariya ba sai ya bari. Ya ce, "Je ka wurin matarka."

Na same ta a ɗaki. Na ce, "Ashe ke ce mai tagwayen."

Ta ce, "Ai na ce ka sauke."

"Kika bar ni ina tara mutane?"

"Ni na aike ka? Na wayi gari cikina yana rataye a zaure, mai shayi yana yaba shi. Wanzami har da hanci ya gano mini."

Na ce to ga ciniki. Ranar da kika yarda da tiyata, ranar zan sauke. In kin ƙi, zan rubuta sunan mai shi a ƙasa da manyan baƙaƙe, kin san na iya. Ta tashi ta ɗauki muciya, ta bi ta zauren da ta yi makonni ba ta bi ba, ta zunguro hoton a gaban mai unguwa, ta rungumo shi ta tura ƙarƙashin gado. Cinikina ya mutu a nan.

Kwana biyu ba mu yi magana ba. Ana kawo mini tuwo ina mayarwa. A na ukun ta aiko Aminatu ta ce in zo. Ta ce, "Ka zauna. Yayata haka aka ce mata, ɗan aiki ne. Aka buɗe, aka ga abin ya cinye ta, aka rufe. Ba ta ga damina ba. Ni ma na san abin da ke cikina. Likita dai ba ya faɗa. Ka bar ni in wanke jikan nan da hannuna, bayan nan su yanka abin da suka ga dama."

Sai a lokacin na gane. Ita a zatonta ciwon daji ne. Da aka yi mata bayani a Jimeta, kalmar tiyata kawai ta ji, sauran duk ya bi iska. Hoton zauren ma ba ta taɓa ɗaga ido ta kalle shi ba. Duk kwanakin nan da nake raba goro, matar nan lissafin mutuwarta take yi a ɗaki.

Na fita na aro kwamfutar Zadok, na rungumo ta kamar jariri har ɗakinta. Na buɗe manhajar da kaina, hannuna ya riga ya saba. Na buɗe shafin da kika faɗa na karanta mata shekarunta, ta ce an ƙara mata. Na nuna mata hanta, na nuna mata jakar, na kunna motsin. Na ce, "Ga su nan. Ba abin da ke cin ki. Ba su da baki." Na ja ma'aunin a kan babbar. Aminatu ta kawo ƙwayar gurjiya daga kicin, na ɗora a tafin hannun Gogo na ce, "Iyakarta ke nan."

Ta dubi gurjiyar, ta dubi allo. Ta ce in sake kunnawa. Na sake. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi.

Ta ce, "Tsakuwa ce? Tsakuwa tsakuwa?"

Na ce, "Khadijah ta ce tsakuwa, likitansu ya ce tsakuwa."

"Waɗannan 'yan banzan ne suka hana ni man shanu?"

"Su ne."

Ta yi tsaki. Ta ce, "Tun ina yarinya nake tsince tsakuwa a shinkafa don kada ta fasa wa wani haƙori. A ce ni ce zan zauna ina goyonta? Kira Abdulhakeem ya zo ya kai ni."

Na kira shi a gabanta kafin ta sake shawara. Duk unguwa ta ji, amma wannan karon ba ta hana ba.

Mun je babban asibiti da faifan. Likitan ya buɗe shi a irin manhajar nan, tasa ta fi tamu maɓallai. Na fara nuna masa inda inuwar take, Gogo ta taka mini ƙafa. An ba mu rana a mako mai zuwa. Ki yi mana addu'a. Ni da nake cika baki, yanzu ni ne abinci ba ya wuce wa.

Bappanki,
Ɗanburam.

*

Bako, Yola.

Zuwa ga 'yata Khadijah, wadda Allah ya yi wa albarka.

Useko, useko, na gode har alƙalami ya gaji. Saƙonki na addu'a ya iso ta bakin Aminatu. Kowa lafiya, kuma yau in na rubuta kowa, har da Gogo nake nufi.

An yi aikin, an cire jakar gaba ɗaya. Likita ya ce ƙaramar ta riga ta fara cusa kai a hanya, da mun ƙara jinkiri da labari ya bambanta. Yanzu tana gida, tana takawa a hankali har bakin rijiya, tana ba da umarni daga kan tabarma. Matan Bako kuwa ba su raga mata ba. Da kanta ta ba su labari tun kafin mu tafi, ta ce gara su ji daga bakinta. Sai ga su sun zo dubiya da sabulu da turare, suna guɗa, suna tambayar yaushe ne suna. Tana dariya tana dafe ɗinki tana zaginsu. Ni kuwa in na bi ta gaban mai shayi sai ya ce, "Kaka, ya yara?" Ina amsawa. Wanda ya rataya abu a zaure ba ya ƙin tambaya.

Amma ba wannan na zauna rubuta miki ba.

Ranar aikin muna zaune a baranda, ni da Abdulhakeem da Zadok. Zadok yana addu'arsa, ina jan carbina. Aka daɗe. Duk wanda ya fito da farar riga sai in miƙe. Daga ƙarshe aka turo ta a gado, idonta rufe, fuskarta ta yi ƙanƙanta kamar ba ita ba. Nas ta ce maganin barci bai sake ta ba, mu yi mata magana. Abdulhakeem ya kira ta, shiru. Nas ta kira ta, shiru. Ni kuwa na matsa kusa da gadon.

Sai ta motsa leɓe. Ta ce, "Bakari."

Khadijah, ƙila ke ma ba ki san sunana ke nan ba. Tun da aka laƙaba mini Ɗanburam ina saurayi, ba mai kirana da shi. Ita kuwa tun ranar da aka kawo ta gidan nan bakinta bai taɓa furta shi ba. "Malam" ne, ko "mai gidan nan", in ta yi fushi kuma "wancan". Ko wani Bakarin ne ya zo sayar da itace, sai ta ce masa "mai sunan Malam".

Ta sake cewa, da ƙarfi, a gaban ɗanta da nas da Zadok da duk masu jinya, "Bakari, kana nan?"

Na ce, "Ina nan."

Ta ce, "To, kada ka tafi." Ta koma barci.

Ban tafi ba.

Jiya na tuna mata. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce ƙarya nake yi, ita ba ta yi rashin kunya a asibiti ba. Na kira Abdulhakeem shaida, ya dubi ƙasa ya ce shi bai ji komai ba. Na kira Zadok, ya ce shekaru sun taɓa masa kunne. Duk sun haɗa mini kai.

Ni ne mai nauyin kunne a gidan nan, Khadijah, kowa ya sani. Amma na ji.

Ki gaida maigidanki da yara. Allah ya yi miki albarka, ya sa 'ya'yanki su yi miki abin da kika yi mana.

Bappanki,
Bakari.